Kalmar “confer”: tsakanin ganawa da naɗi

Wata ɗalibata ce ta kawo mini jimloli biyu da ta kwafo daga jarida guda, ta ce, “Malam, ka raba mini wannan gardamar.” Jimla ta farko tana cewa “The President conferred with the governors.” Ta biyu kuma “The university conferred a doctorate on the former minister.” Abin da ya ɗaure mata kai shi ne yadda aikatau guda zai zama ganawa da gwamnoni a nan, a can kuma ya zama ba da digiri. Har ta fara zargin ko ɗaya daga cikin 'yan jaridar ne ya yi tuntuɓen alƙalami. To, babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kalmar “confer” ce mai fuska biyu, kuma duk wanda yake karanta Turancin gwamnati, ko na kotu, ko na jami'a, ko yake fassara labarai zuwa Hausa, ba makawa sai ya yi karo da fuskokin nan.

Sai an koma tushe kafin a ga inda aka haɗu. Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce, daga harshen Latin na Rumawa ta fito, daga “conferre”. Kashi biyu ne aka haɗa: ɗafa-goshin “con”, mai nufin tare ko wuri guda, da saiwar “ferre”, mai nufin ɗauka ko kawowa. Ke nan ma'anarta ta asali ita ce a ɗauko abubuwa a kawo su wuri ɗaya. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, lokacin da masu ilimin Ingila suke ta kwasar kalmomin Latin suna cusa wa harshensu. 'Yan'uwanta da suka fito ciki ɗaya suna da yawa: “refer”, “prefer”, “infer”, “defer”, “transfer”, har da “offer” da “suffer” da “differ”. Kowace a cikinsu akwai ɗauka a ciki, ɗafa-goshin ne kawai yake nuna inda aka nufa da kayan. A “transfer” an ɗauka an ƙetare da shi, a “prefer” an ɗauka an sa a gaba, a “confer” kuwa an ɗauko an tara.

Daga wannan tarawar rassa uku suka tsiro. Idan ra'ayoyi aka ɗauko aka tara, an yi shawara. Idan wani abu mai daraja aka ɗauko aka tara a kan mutum guda, an yi masa baiwa ko naɗi. Idan kuma abu biyu aka ɗauko aka jera gefe da gefe don a duba bambancinsu, an yi kwatanci. Reshe na uku ya bushe a maganar yau da kullum, ko da yake yana cikin ma'anonin da kalmar ta fara zuwa da su, zan dawo kansa daga baya. Biyun farko su ne suke raye.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne Bahaushe ya riga ya hango wannan hoton da kansa, ba tare da ya san Rumawa ba. Muna cewa shawara ɗaukar ɗaki. Wanda ya taso a karkara ya san yadda ake yi: an gama gina bango, an ɗaure jinka a ƙasa, sai a kira maƙwabta kowa ya kama gefe, a ɗaga gaba ɗaya a ɗora. Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki komai ƙarfinsa. Ɗauka tare ke nan, wato “con” da “ferre” sak. Kuma a cikin hoton nan ma'ana ta biyu ma tana nan, domin jinkar da aka ɗauka a kan wani abu za a ɗora ta. Duk ɗalibin da na yi wa wannan bayanin ban ƙara jin ya rikita ma'anonin biyu ba: a ɗaya ana kamawa tare da wani, a ɗaya ana ɗorawa a kan wani.

Mu fara da ta shawara, ita ce mai sauƙi. A wannan ma'anar aikatau ne ƙi-karɓau, wato ba ya ɗaukar karɓau kai tsaye. Ba a cewa “he conferred his lawyer”, sai an sa “with” a tsakani: “he conferred with his lawyer”, ya yi shawara da lauyansa. Idan ana so a faɗi batun da aka yi shawarar a kai, sai a ƙara “about” ko “on”: “they conferred about the budget”, sun yi shawara kan kasafin kuɗi. Idan kuwa masu shawarar su ne aikau gaba ɗayansu, kalmar tana iya tsayawa ita kaɗai: “the judges conferred”, alƙalai sun haɗa kai sun yi shawara. Ana kuma cewa “they conferred among themselves”, sun yi shawara a tsakaninsu.

Kalma ce ta manyan wurare. Bature ba zai ce ya yi “confer” da matarsa kan abin da za a dafa da dare ba, sai ya ce “talk” ko “discuss”. Inda take zama daram shi ne wurin da ake jiran hukunci, kuma masu hukuncin suka ɗan keɓe kafin su furta. Ka tuna alƙalin wasan ƙwallo da ya ruga gefen fili wurin mataimakinsa, suka kare baki da hannu suna magana, 'yan kallo sun yi tsit suna jiran ko za a ba da fenareti. Ka tuna lauya a kotu da ya roƙi alƙali minti biyar don ya sunkuya ya yi magana da wanda yake karewa. Ko likitoci uku da suka ja gefe a bakin gadon majiyyaci. Duk waɗannan “confer” ne. Abu uku suke tafiya tare da ita kusan kullum: magana ce ta ɓangare biyu, kowa yana faɗa yana saurare, akwai ɗan keɓewa daga sauran jama'a, kuma akwai matsaya da ake so a cimma.

A nan ne ta rabu da “consult”, wadda mutane da yawa suke ɗauka tagwaye ne. “Consult” tana ɗaukar karɓau kai tsaye, kuma sau da yawa hanya ɗaya take bi: marar sani ya je wurin masani. Kana iya yin “consult” na likita, ko na ƙamus, ko na taswira, ko na agogo. Amma ba ka yin “confer” da ƙamus, domin ƙamus ba zai mayar maka da magana ba. A Hausa bambancin a fili yake: akwai neman shawarar wani, akwai yin shawara da wani. Na farko “consult” ne, na biyu “confer with”. Su kuwa gidajen rediyonmu sun saba fassara ta da “ganawa”, kuma a mafi yawan lokuta ya yi daidai, don ganawa ma tana da wannan keɓewar. Sai dai ganawa tana iya zama ta gaisuwa da ɗaukar hoto kawai, ita kuwa “confer” ba ta rabuwa da wani batu da ake juyawa. Saboda haka idan ni ne mai fassara, inda labarin ya nuna ana neman matsaya na fi son in ce “sun yi shawara” ko “sun gana don yin shawara”.

Akwai wuraren da wannan ma'anar ta zama doka. A kotunan tarayya na Amurka, ƙa'ida ta 26 cikin ƙa'idojin shari'ar da ba ta laifi ba ta wajabta wa ɓangarorin ƙara su zauna su yi “confer” tun da wuri, aƙalla kwana 21 kafin zaman da alƙali zai tsara yadda shari'ar za ta gudana. Ƙa'ida ta 37 kuma ta ce duk wanda zai roƙi kotu ta tilasta wa abokin shari'arsa fito da wasu takardu, sai ya haɗa da shaidar cewa ya yi shawara da shi da zuciya ɗaya, ko ya yi ƙoƙarin yin hakan. Lauyoyin can suna kiran wannan “meet and confer”. Hikimar ita ce kada a cika wa alƙali kunne da abin da mutum biyu za su iya warwarewa a kan tebur. A Birtaniya kuwa kalmar ta shiga bakin jama'a ta wata hanya dabam, ta gasar kacici-kacici ta jami'o'i da aka fara nunawa a talabijin a 1962, mai suna University Challenge. Tambayar buɗe fage mai maki 10 ce, kuma doka ita ce “no conferring”, ba a yarda 'yan ƙungiya su yi ƙus-ƙus ba, kowa da kansa zai danna ƙararrawa. Sai an ci ta sannan ake ba su tambayoyi uku na ƙari, waɗanda a kansu ne ake barin su haɗa kai.

Yanzu ga fuska ta biyu, inda nake ganin nauyin kalmar yake. A nan aikatau ne so-karɓau, kuma tsarin jimlar da aka saba shi ne: mai bayarwa, sai “confer”, sai abin da aka bayar, sai “on” ko “upon”, sai wanda aka ba. “The Senate conferred a degree on her.” Wato majalisar jami'a ta ba ta digiri. Abin lura shi ne, abin da aka bayar shi ne karɓau, shi yake bin aikatau kai tsaye. Mutumin da aka ba yana zuwa ne a ƙarshe, bayan “on”. “Upon” da “on” ma'anarsu ɗaya, “upon” dai ta fi ƙamshin takardun hukuma.

Ba kowane abu ake bayarwa da wannan kalma ba. Ba a yin “confer” na buhun shinkafa, ko mota, ko kuɗin cefane. Abubuwan da take ɗauka su ne waɗanda ba a riƙewa a hannu amma suke canza matsayin mutum: digiri, sarauta, lambar girma, 'yancin zama ɗan ƙasa, iko, hurumi, haƙƙi, kariya daga tuhuma. Takardar digiri da aka miƙa maka a dandali shaida ce kawai, abin da aka yi maka “confer” shi ne matsayin da takardar take nunawa. Shi ya sa jami'a take iya tabbatar wa mutum digirinsa ko bai halarci bikin yaye ɗalibai ba. Kuma a ƙarƙashin wannan akwai wata tambaya da kalmar take ɗauke da ita duk inda ta je: shi mai bayarwar, wa ya ba shi ikon bayarwa? Kowa yana iya yin kyauta, amma ba kowa ne yake iya yin “confer” ba. Sai hukuma, ko sarki, ko majalisar jami'a, ko doka ita kanta.

Idan aka jera ta da maƙwabtanta za a fi ganin wannan. “Give” ita ce gama-gari, ta kowa da komai. “Grant” tana nuna an roƙa aka amsa, kamar biza ko beli. “Award” tana nuna an auna cancanta ko an yanke hukunci, kamar kyautar gasa, ko kwangila, ko diyyar da kotu ta yanke. “Bestow” ita ce ta fi kusa da “confer”, har tsarinsu ɗaya ne da “on” ɗinsu, amma ita ta fi karkata ga alheri da karamcin mai bayarwa, shi ya sa ake yawan ganin ta a maganar baiwar Allah da albarkar iyaye. “Confer” kuwa ta fi karkata ga hurumi. A Hausa ba mu da kalma guda da ta rufe duk wannan fili. Idan sarauta ce mukan ce an naɗa shi, kuma naɗi a wurinmu ya fito ne daga naɗa rawani, abin da ya sa Turancin Nijeriya ya ƙirƙiro “turbaned”. Idan lambar girma ce mukan ce an karrama shi da ita. Idan iko ne mukan ce doka ta ba shi, ko ta ɗora masa, ko an danƙa masa. Mai fassara sai ya duba abin da aka bayar kafin ya zaɓi aikatau.

Ga misali da nake so ƙwarai, domin yana rushe wani zato da mutane suke da shi, cewa kullum daga sama zuwa ƙasa ake yin “confer”. Yarjejeniyar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a San Francisco a 1945, a sashe na 24 ta ce ƙasashe mambobi “confer on the Security Council primary responsibility for the maintenance of international peace and security”. Wato ƙasashen ne suka ɗora wa Kwamitin Sulhu babban alhakin kiyaye zaman lafiya da tsaron duniya. Dubi wanda yake aikau a jimlar. Kwamitin mai kujeru 15, biyar daga ciki na dindindin, wanda ake gani kamar shi ne sama da kowa, a nassin takardar shi ne mai karɓa. Ƙasashen ne masu bayarwa, su suka ɗauki jinkar tare suka ɗora masa. Duk mai jayayya da yadda Kwamitin yake tafiyar da aikinsa, daga wannan aikatau hujjarsa take farawa, domin abin da aka ɗora maka amana ce, kuma sashen ya ci gaba da cewa a madadinsu yake aiki.

Tarayyar Turai ma a kan wannan kalma ta gina iyakar ikonta. Sashe na 5 na yarjejeniyar Tarayyar ya kafa abin da suke kira “principle of conferral”: Tarayyar ba ta da ikon yin komai sai a cikin hurumin da ƙasashe mambobi suka ba ta, kuma duk abin da ba a ba ta ba yana nan a hannun ƙasashen. Mu ma a gida haka abin yake. Sashe na 251 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999, da yake lissafa hurumin Babbar Kotun Tarayya, ya ambaci ƙarin hurumin da Majalisar Dokoki ta Ƙasa za ta iya ba ta, da lafazin “conferred upon it”. Kuma duk wanda ya taɓa karanta wata sanarwar hukuma ya ga yadda ake buɗe ta da “in exercise of the powers conferred on me by section” kaza, wato bisa ikon da sashe kaza ya ba ni. Wannan ba ado ba ne. Mai sa hannun yana nuna inda ya samo ikonsa, domin idan sashen da ya ambata bai ba shi wannan iko ba, kotu tana iya soke abin da ya yi. Akwai ma wata ƙa'ida da kowane ɗalibin lauya ya haddace, cewa masu ƙara ba sa iya bai wa kotu hurumin da doka ba ta ba ta ba, ko da dukkansu sun yarda, kuma da wannan aikatau ake faɗar ta.

A fagen girmamawa kuwa, lambobin yabo na ƙasa irin su GCFR da GCON da CFR da OFR sun samo asali ne daga dokar 1964. A watan Yunin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba marigayi Moshood Abiola lambar GCFR, shekara 20 bayan rasuwarsa a tsare, shekara 25 bayan zaɓen 12 ga Yunin 1993 da aka soke. A wannan bikin ne aka ba marigayi Gani Fawehinmi lambar GCON. Shi Fawehinmi a 2008, yana da rai, an sa sunansa cikin waɗanda za a ba OFR, ya ce ba ya so. Wannan ya nuna wani abu game da kalmar: wanda ya ƙi karɓa, sai a ce an yi masa tayi, wato “offered”, ba a cewa “conferred”. Wanda ya rasu kuwa ana iya yi masa, sai a ƙara “posthumously”, bayan rai. Haka nan muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas, da wannan aikatau ake maganar bayar da shi.

Sai kuma wani amfani da ɗaliban kimiyya suke cin karo da shi kullum, inda mai bayarwar ba mutum ba ne ba kuma hukuma ba. Ana cewa rigakafi “confers immunity”, yana ba jiki kariya. Ana cewa wata ƙwayar halitta a jikin bakteriya “confers resistance”, tana sa magani ya daina cin ta. Misalin da ya shafe mu kai tsaye shi ne na sikila. A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka, cewa masu ɗauke da rabin ƙwayar sikila, waɗanda muke ce wa AS, suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro. A littattafan likitanci za ka ga an rubuta cewa wannan gado “confers protection against severe malaria”. A nan sai mai fassara ya yi hattara sosai, domin rai ake magana. Kariyar daga tsananin cutar ce, mai AS yana kamuwa da zazzaɓin kuma yana bukatar gidan sauro da magani kamar kowa. Fassarar da ta dace ita ce “yana rage haɗarin zazzaɓi mai tsanani”. Wanda ya ce “yana hana zazzaɓi” ya faɗi abin da Turancin bai faɗa ba.

To, yanzu ga inda muke yawan zamewa. Buɗe kowace jaridar Nijeriya a lokacin bukukuwan yaye ɗalibai ko naɗin sarauta, za ka ga “he was conferred with a chieftaincy title” ko “the university conferred him with a degree”. Wannan tsarin ya yaɗu ƙwarai a Nijeriya, ana kuma ganin sa a Turancin Indiya. A Turancin da manyan ƙamusoshi suka tsara, daidai shi ne “a chieftaincy title was conferred on him”. Sarautar ce ake ɗauka a ɗora, ba mutumin ba. Dalilin zamewar ba wuya a gane shi. Turanci yana da wasu aikatau da suke bin wancan tsarin: “presented him with”, “honoured him with”, “invested him with”, “decorated him with”. Sai kunne ya ja “confer” ya sa ta a layinsu. Mu Hausawa kuma muna da ƙarin dalili, domin harshenmu mutumin yake sawa gaba: an ba shi sarauta, an naɗa shi Galadima, an karrama shi da lamba. Idan Bahaushe ya yi tunani da Hausa ya rubuta da Turanci, hannunsa da kansa zai kai ga “they conferred him”.

Ra'ayina a kan wannan shi ne, ba na ganin laifin wanda ya ce Turancin Nijeriya yana da 'yancin kafa nasa tsarin, harshe na masu magana da shi ne. Amma a wannan kalmar musamman ina roƙon ɗalibaina su riƙe tsohon tsari, kuma ina da dalili. “With” ita ce alamar da take raba ma'anar shawara da ta naɗi. Idan aka ba ta aiki biyu, alamar ta lalace. Mai karatu da ya ga “conferred with” ya riga ya shirya jin sunan wanda aka yi shawara da shi, sai ya tarar da digiri ko sarauta, dole ya koma baya ya sake karantawa. Ga kuma mai rubuta jarrabawa ko takardar neman gurbin karatu a waje, wanda mai dubawa zai ja masa jan layi. Wanda yake son ya sa mutumin a farkon jimla yana da mafita mai sauƙi: ya ce “he was awarded”, ko “he was honoured with”, ko “he received”.

Akwai tarko ɗaya da ya rage, kuma shi ne ya fi kama masu fassara cikin gaggawa. “On” tana zuwa a ma'anonin biyu. “The ministers conferred on the new tax” shawara ce, ministoci sun yi shawara kan sabon haraji. “The ministers conferred new powers on the agency” bayarwa ce, sun ba hukumar sabon iko. Hanyar ganewa ita ce a duba abin da yake tsakanin aikatau da “on”. Idan babu komai, ko kuma akwai “with” da sunan wani, shawara ce. Idan akwai suna a tsakani, shi ne abin da aka bayar. Wani lokaci marubuci yakan jinkirta abin da aka bayar idan yana da tsawo, kamar yadda aka yi a sashe na 24 da na kawo ɗazu, inda Kwamitin Sulhu ya zo kafin alhakin da aka ɗora masa. A irin wannan sai an karanta jimlar har ƙarshe. Na taɓa jin wani labari a rediyo inda aka ce wasu shugabanni sun tattauna kan wata hukuma, alhali a Turancin da aka fassaro iko suka ba ta, kuma na tabbata wannan jinkirin ne ya yaudari mai fassarar.

Game da rubutu da furuci, nauyin murya a gaɓa ta biyu yake, a kan “fer”. Wannan ne ya sa ake ninka harafin ƙarshe a “conferred” da “conferring”, kamar yadda ake yi a “referred” da “preferred”. “Offer” da “suffer” nauyinsu a gaɓar farko yake, shi ya sa “offered” da “suffered” ba su da ninki. Sunayen da aka ciro daga kalmar kuma sun raba gado a tsakaninsu. “Conference”, wadda nauyinta ya koma gaɓar farko kuma “r” ɗinta ɗaya ce, ita ta gaji ma'anar shawara, ita ce taro. “Conferment” da “conferral” su suka gaji ma'anar bayarwa. Don haka bikin ba da digiri “conferment of degrees” ne, taron ƙasa irin wanda aka yi a Abuja a 2014 kuwa “national conference”.

Saura reshen nan na uku da na ce ya bushe. Bai mutu gaba ɗaya ba, ya ɓuya ne a cikin haruffa biyu da ɗigo waɗanda duk mai karanta littattafan ilimi ya sha gani a ƙasan shafi: “cf.” Wannan taƙaitawa ce ta “confer” ta Latin a sigar umarni, ma'anarta “kwatanta”. Marubucin da ya sa “cf.” kafin sunan wani aiki yana ce maka ka ɗauko wancan ka ajiye kusa da wannan ka duba, wataƙila sun yi kama, wataƙila sun saɓa. Ɗalibai masu rubuta kundin digiri sukan sa ta a inda suke nufin “duba”, wato ga inda na samo maganata, alhali wannan aikin “see” ne. Idan majiyar tana goyon bayan abin da ka faɗa kai tsaye, “see” za ka rubuta. Idan kana so mai karatu ya jera maganarka da wata ya auna da kansa, nan ne wurin “cf.”, kuma idan za ka karanta ta a fili a gaban masu jarraba ka, “compare” ake furtawa.